Amsar Tambaya: Makamin Maikirowef da Jikin Ɗan Adam

Tambaya: Wani mai karatu ya ji labarin makamin da ke ƙona mutum ba tare da wuta ba, yana neman sanin illarsa.

Amsa: Makamin Active Denial System na sojojin Amurka yana harba igiyoyin maikirowef masu gigahaz 95. Ba sa shiga fata fiye da milimita 0.4, amma suna dumama ruwan cikinta, sai mutum ya ji kamar garwashi ya taɓa shi, ya ja da baya cikin daƙiƙoƙi. An kai shi Afganistan a 2010, aka janye shi ba a harba ba.

Illarsa tana ga daɗewa a gabansa: ƙuna, bororo, da haɗari ga ido. Wanda makamin ya same shi ya kauce nan take, ya runtse idanu, ya zuba ruwan sanyi a ƙunar na minti 20. Kada ya shafa man goge baki ko ƙanƙara. Idan fata ta tashi, ya garzaya asibiti.