Ciwon Ido a 'Ya'yan Kyanwa

A gidaje da yawa kyanwa ce mai gadin rumbu. Inda take, ɓeraye ba sa sakewa da hatsi. Amma idan ta haihu, sau da yawa akan ga idon ɗaya ko biyu cikin 'ya'yan ya manne da kwantsa, sai a ce zai warke da kansa. Wani lokaci yakan warke. Wani lokaci kuwa ɗan kyanwar ya tashi da ido ɗaya, ko ya makance gaba ɗaya.

Ana haihuwar ɗan kyanwa ido a rufe, yakan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14. Saboda haka rufaffen ido a makon farko ba ciwo ba ne, kada ku bar yara su ɓamɓare shi. Abin da za ku duba shi ne kumburi. In fatar idon ta tasa kamar ƙurji, ko ruwa mai kauri yana tsattsafowa ta gefe, to mugunya ce ta taru a ciki ba ta da hanyar fita. Wannan ne ya fi haɗari, domin cikin 'yan kwanaki tana iya cinye ƙwayar idon. Ku nemi malamin dabbobi a ranar.

Bayan ido ya buɗe, ba kowane hawaye ne cuta ba. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna sa ido ruwa, kuma kyanwa tana son haihuwa kusa da wurin girki saboda ɗumi. In hawayen garau yake, ɗan kuma yana shan nono sosai, ku matsar da su wuri mai ɗumi marar hayaƙi, ku lura kwana biyu. Amma in idon ya yi ja, kwantsa tana dawowa duk lokacin da aka share, ga atishawa da majina, wannan murar kyanwa ce. Uwar tana iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da wata alama ba, ta ba 'ya'yanta wajen lasa. Ɗan da hancinsa ya toshe ba ya jin ƙanshin nono, sai ya daina sha, yunwa da sanyi su kashe shi.

Ga abin da za ku iya yi a gida. Ku tafasa ruwa rabin lita, ku sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ku bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ku jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta, ku ɗora a kan idon minti kaɗan har kwantsar ta yi laushi, sannan ku share a hankali daga wajen hanci zuwa waje. Kowane ido da audugarsa. Ku yi haka sau 3 ko 4 a rana, ku share hancin ma, ku kuma wanke hannu da sabulu kafin da bayan aikin.

Kada ku sa toka, tozali ko ruwan ganye. Kada ku ɗiga ragowar maganin idon mutane, domin wasu cikinsu suna ƙara faɗaɗa gyambon da ke kan ƙwayar ido. Fiye da kome, kada ku ba kyanwa farasitamol ko Panadol. Ko gutsuren ƙwaya ɗaya guba ne gare ta. Malamin dabbobi ne zai faɗi man idon da ya dace da kwanakin da za a yi ana sawa, kuma a cika kwanakin ko da idon ya washe.

Don tattaunawa a ƙungiyarku: ina malamin dabbobi mafi kusa da ƙauyenku, wace rana kuma yake zuwa kasuwa? Wa yake da lambar wayarsa?