Burduddugi, Abokin Manomin Shinkafa

1. Inda ya ke zaune

Duk wanda ya kwana kusa da fadama da damina ya san kukan kwaɗi. A cikinsu akwai wani babba wanda a ke kira burduddugi. Jikinsa da santsi, ba kamar na kwaɗon gida mai kaushi ba. Idanunsa suna bisa kai, don ya nutse cikin ruwa, ya bar ido da hanci kaɗai a waje. In kun duba, za ku ga wani tsagi ya ratsa kansa a bayan idanu. Macen ta fi namijin girma, ta kan kai wajen inci 5. Wani masani, Albert Günther, ya rubuta kamanninsa a Landan cikin 1858.

Dā, in rani ya yi, sai ruwa ya janye, kwaɗi su taru a 'yan tafkunan da su ka rage. Amma cikin 1978 aka gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun. Daga can ruwa ya ke bin magudanai zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura. To, inda ruwa ya zauna aka shuka shinkafa, nan ne gidan burduddugi.

2. Yadda ya ke girma

In ruwan sama ya sauka, maza su kan yi ta kuka da dare, suna kiran mata. Mace ta zuba ƙwai cikin ruwa marar zurfi. Bayan 'yan kwanaki sai 'ya'ya su fito, masu wutsiya, ba ƙafa, suna shan iska cikin ruwa kamar kifi. Sannu-sannu ƙafafun baya su tsiro, sa'an nan na gaba, wutsiya ta shanye, huhu ya kama aiki. Cikin 'yan makonni sai ga ɗan kwaɗo a tudu.

'Ya'yan yawancin kwaɗi gansakuka su ke ci. Na burduddugi kuwa mafarauta ne. Suna cin 'ya'yan waɗansu kwaɗi, suna kuma cin 'ya'yan sauro tun suna ruwa. Babban kuma ya kan kwana yana kamun fara da sauran ƙwari. Ashe manomi yana da ɗan ƙodagon da ba ya neman lada.

3. Abin da masana su ka gani da madubi

Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu. Cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu zaruruwa masu ɗauke da gado, watau abin da ya sa ɗa ya ke kama da ubansa. Mutum yana da 46. Burduddugi yana da 26. Amma cikin 1976 waɗansu masana biyu, Bogart da Tandy, su ka ba da labarin sun sami waɗansu burduddugai a Afirka masu 52, ninki biyu ke nan, alhali kamanninsu ɗaya da masu 26. Wannan ya nuna abin da ido ya ke ɗauka iri ɗaya, mai yiwuwa iri biyu ne. Mai son kiwo kuwa wajibi ne ya san irin da ya ke haɗawa.

4. Ciniki da haɗarinsa

Waɗansu mutane ba su cin burduddugi, waɗansu kuwa nama ne a gare su. Da rani masu kamu su kan bi tafkuna da fitila, su kama, su busar ko su ƙyafe, a ɗura a buhu a kai kasuwannin ƙasar Yarabawa. Cikin 2010 wata masaniya Bajamushiya, Meike Mohneke, da abokan aikinta su ka buga lissafi cewa masu wannan sana'a 32 kaɗai, abin da ya ke bi ta hannunsu a shekara ya kai kwaɗi miliyan 2 da dubu 700. Galibinsu daga Arewa su ke fitowa, da Nijar, da Binin, da Cadi.

Ku dubi abin da ya sami Indiya. Sun yi shekaru suna aika cinyoyin kwaɗi Turai. Kwaɗi su ka ragu a gonakin shinkafa, aka yi ta kukan ƙwari sun yi yawa, manoma na kashe kuɗi wajen magani. Cikin 1987 gwamnatinsu ta hana fitar da su.

5. Kiwo

Ana kiwon wani babban kwaɗon Amurka a Sin da Barazil. Aikin da wuya, gama kwaɗo ba ya kula da abincin da ba ya motsi sai an koya masa, manya kuma suna haɗiye ƙanana in ba a raba su ba. Banda haka, a ƙasashe da yawa wannan baƙo ya tsere daga wurin kiwo, ya cinye kwaɗin ƙasa, ya yaɗa musu ciwon fata mai kisa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Wanda zai gwada kiwo, ya gwada da namu na gida.

Saboda haka, manoma, kada ku wanke tulun feshi cikin magudanar ruwa, gama fatar kwaɗo tana shan dafi kamar yadda tsumma ya ke shan ruwa. Masu kamu kuma ku ɗaga musu ƙafa da farkon damina, lokacin zuba ƙwai, ku bar ƙanana su girma.

Tambayoyi

1. Me 'ya'yan burduddugi su ke ci?
2. Don me Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi?
3. Ina haɗarin kawo baƙon kwaɗo ƙasarmu?