DARASI: Akori-kura ƙarama ko babba, wacce ta dace da mai fataucin shanu?

Darasinmu na wannan fitowa a kan mota ne, domin tambayar ta yi yawa a kara da wuraren zaman 'yan ƙungiya. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa yana son akori-kura, to wacce zai saya? Ƙarama irin su Hilux da L200, ko kuwa manyan nan na Amurka irin su Tundra da Ford F-150, waɗanda ake saukewa a Kwatano da Lome, su cika ido idan aka ajiye su a bakin kasuwa?

Kafin a yi maganar mota, sai a yi maganar aikin da za ta yi. Kowa ya sani babu akori-kurar da za ta kai garke Ikko ko Badun. Wannan aikin tirela ne, mai ɗaukar shanu talatin ko fiye, ko kuma masu kora su bi da su ta ƙasa zuwa Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela. Aikin akori-kura a wajenmu shi ne ta kai ka kasuwannin daji, su Dakwaro da Abalak da Tanut, ta dawo da kai a kan lokaci. Ita ce mai kai dusa da angurya da gishiri da kanwa wurin turke. Ita ce mai kai wa masu kora ruwa da tsaraba a tsakiyar rani. In saniya ta gurgunce ko ta kwanta a hanya, ita za ta je ta ɗauko ta kafin ta zama ta mahauta a rabin kuɗi. Idan Layya ta gabato kuma, ita ce ta raguna. Duk wannan aiki a bayanta ake ɗora shi, saboda haka tambayar farko ita ce: kilo nawa bayanta yake ɗauka?

To a nan ne ido yake ruɗar mutane. Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa tun 1968, an yi ta ne don lodi, kuma abin da kamfanin ya yarda a ɗora mata yana kusan tan ɗaya, wato kilo 1,000. Tundra mai ƙofa huɗu, mai injin silinda takwas, wadda ta fi ta tsawo da kusan rabin mita, ta kuma fi ta nauyi da kusan rabin tan, abin da aka rubuta mata yawanci bai wuce kilo 600 zuwa 800 ba. F-150 ma akasarin waɗanda ke zuwa mana a nan suke, sai dai 'yan kaɗan da aka ƙara wa ƙarfin sifirin tun daga kamfani. Kuma wannan adadi har da direba da duk wanda ya shiga ciki. In ku biyar ne a gaba, kun riga kun cinye kilo 350 kafin a ɗora buhu ko ɗaya.

Mu auna da kayanmu. Durom ɗaya na ruwa lita 200 ne, wato kilo 200. Durom huɗu da direba da yaron mota, Hilux tana cikin ƙa'idarta, ita kuwa babbar ta riga ta wuce tata. Bijimin Azawak ko na Bororo wanda ya ƙoshi yana kaiwa kilo 400 zuwa 500. Ɗaya dai kowacce za ta ɗauka. Biyu kuwa, ƙaramar ta kai iyakarta, babbar kuma ta haura.

Wanda bai yarda ba, ga hanyar ganewa da idonsa. Motocin Amurka suna da wata 'yar takarda manne a jikin ƙofar direba, inda ake rubuta iskar taya. A nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya, da kilo da kuma awon Amurkawa. Ka buɗe ƙofa ka karanta kafin mai sayarwa ya fara zuba maka zance.

Me ya sa haka, alhali ga girma ga ƙarfin inji? Dalili shi ne ba don irin aikinmu aka ƙera su ba. Makiyayin Amurka ba ya ɗora sa a bayan mota. Yana da wata ƙaramar tirela ta dabbobi, mai ƙofa da matakala, wadda yake ɗaurawa a baya ya ja a kan kwalta mai kyau. Don haka aka ba motar inji mai ƙarfin ja, aka kuma yi mata sifirin mai taushi don jin daɗin zama. Tundra mai injin lita 5.7, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2021, tana iya jan tan huɗu da rabi, abin da Hilux ba za ta iya ba. Wannan gaskiya ce, ba a ƙwace mata. Amma mu nawa ne cikinmu muke da irin wannan tirela? Kuma wace hanya za a ja ta a kai, ta burji mai ramuka ko ta rairayi?

Sai girman akwatin baya. Tundra mai faffaɗan ɗaki, wadda aka fi so saboda kujerun baya, akwatinta bai wuce mita 1.7 ba. Hilux mai ƙofa biyu akwatinta ya haura mita 2.2. Ita ma Hilux mai ƙofa huɗu nata gajere ne, kamar mita ɗaya da rabi, saboda haka ko a cikin ƙananan sai ka zaɓa: mutane za ka fi ɗauka ko kaya? A ganina mai fataucin da ke da turke ya nemi mai ƙofa biyu, a yi mata keji na ƙarfe mai ƙwari, a shimfiɗa yashi ko ciyawa a ƙasa don kada dabba ta zame. Mai ƙofa huɗu ta fi dacewa da wanda yake yawo da abokan ciniki daga kasuwa zuwa kasuwa, shanunsa kuwa suna bin tirela.

Bari in ɗan tsaya a kan ɗaukar sa a akori-kura, tun da ana yi kuma ba za a daina ba. Sa a tsaye nauyinsa a sama yake, in ya motsa a kan kwana yana iya kifar da motar, babba ce ko ƙarama. In kuma aka ɗaure shi aka kwantar a gefe ɗaya na tsawon sa'o'i, cikinsa yakan kumbura don ba ya iya gyatsa, wani ma kafin a isa ya tafi. A kwantar da shi a kan ƙirjinsa, a tokare shi da buhuna, a riƙa tsayawa ana dubawa. Na Bororo kuma a lura da ƙaho da gilashin baya.

Yanzu mu zo ga mai, inda kuɗi ke zurarewa ba a ji. Hilux mai gazuwal takan sha kamar lita 9 zuwa 11 a kilomita 100. Mai fetur, ta injin lita 2.7 wadda ta fi yawa a Nijeriya, ta ɗan fi haka. Tundra mai silinda takwas kuwa lita 16 zuwa 18 take sha a kan kwalta, in ta shiga yashi da lodi sai abin ya wuce nan, kuma ba a taɓa fitar da ita da injin gazuwal ba. Mu ƙaddara bambancin lita 7 ne a kowace kilomita 100, kai kuma kana yin kilomita 3,000 a wata tsakanin kasuwanni. Lita 210 ke nan a wata, lita 2,520 a shekara. Kowa ya buga da farashin garinsa, ya ga karsana nawa ce ke shiga tanki.

A da wannan lissafi bai dami na bakin iyaka ba, domin fetur ɗin Nijeriya yana da tallafi, 'yan ruwa-ruwa kuma suna kawo shi har ƙofar gida daga Ƙonni zuwa Magarya, haka ma a arewacin Kamaru. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin, wannan araha ta kau, har lita ta haura naira 1,000 a 2024. Ko da matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, an ga dogayen layuka a gidajen mai na Nijar a watan Maris na 2025. A irin wannan rana mai ƙaramin inji da jarka biyu ya ci kasuwarsa ya dawo, mai babban inji yana layi. Sai dai wanda ya fi shan mai a ɓangaren Nijeriya ya tuna cewa gazuwal a can ya daɗe da fita daga tallafi, don haka ya auna wanne ya fi masa, mai fetur ko mai gazuwal.

Wani zai ce to ai akwai manyan Ford masu gazuwal, F-250 da F-350, kuma su kam suna ɗaukar lodi fiye da Hilux nesa ba kusa ba. Haka ne. Amma waɗanda aka ƙera daga wajajen 2007 zuwa yau an yi su ne don tataccen gazuwal na Amurka, suna da matata a bututun hayaƙi wadda ke toshewa, na baya-bayan nan kuma har da wani ruwan magani na dabam da ake zuba musu. Gazuwal ɗin jarka mai ƙura da ruwa ba ya yi musu daɗi ko kaɗan. Wanda lodinsa ya kai tan biyu ko uku kullum, Kanta ce maganinsa.

Gyara shi ne abin da ya fi kashe kasuwa. Dattawanmu sun san dalilin da ya sa Peugeot 404 da 504 suka mallaki hanyoyin nan shekara da shekaru. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, kayan gyara suka wadata, kowane makanike na ƙauye ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Yau Hilux ce ta gaji wannan matsayi. In sifirin ya karye a Tasawa ko lagireto ya fashe a Madawa, kafin la'asar an samo wani, sabo ko na hannu. Babbar ta Amurka kuwa, abu kaɗan sai an sa mata kwamfuta, kayan kuma sai an aika Kano ko Ikko ko Kwatano, wani lokaci a jira jirgi. Motar da ta kwana goma a gareji ana saura mako biyu Layya ta ci ribar shekara. F-150 daga ƙirar 2015 jikinta na alminiyam ne, mai waldar bakin tasha ba zai iya liƙe shi da wutar da ya saba ba. Taya ma haka. Ƙananan suna tafiya da inci 16 ko 17, wadda ake samu ko'ina. Manyan sukan zo da inci 18 ko 20, mai tsada, ga ta da wuyar samu a daji inda ƙayar aduwa ba ta san mota mai tsada ba. A ƙasashen sefa kuma kuɗin binyet da na inshora suna hawa ne da ƙarfin dokin da aka rubuta a takardar mota.

A rairayi nauyi abokin gaba ne. Motar da ta kai tan biyu da rabi ba komai a cikinta, in ta nutse sai an nemo wata ta ja ta, alhali ƙarama mutum biyar da faranti sun fitar da ita. Hanyoyin daji kuma sawun Toyota ne ya yi su, babbar da ta haura mita biyu a faɗi takan hau gefe tana karce jiki da ƙaya. Kowacce za ka saya, in dai kana barin kwalta, ka nemi mai jan ƙafa huɗu.

In har aikinka ya fi ƙarfin Hilux, alal misali kana shiga arewacin Tanut ko wajen Ngigmi ko cikin Cadi, to babbar da ta dace da ƙasarmu ita ce Land Cruiser akori-kura, wadda ake kira 79. Injinta na gazuwal mai silinda shida, lita 4.2, tun 1990 ake yin sa, ba ruwansa da yawan wayoyi, yana kuma haƙuri da man da ya samu. Mutanen Cadi sun san ƙarfin waɗannan motoci tun yaƙin 1987 da Libiya, wanda har ake kira yaƙin Toyota. Aibinta biyu ne. Tana da tsada ƙwarai, ko tsohuwa ba ta faɗuwa. Sa'an nan irin motar da 'yan bindiga ke nema ce ido rufe, ita da Hilux mai jan ƙafa huɗu, jami'an tsaro ma sun fi tsayar da ita da tambaya. Wanda hanyarsa ta bi wuraren da ba lafiya ya sa wannan a lissafi, ya kuma tabbata takardunsa na duwan da na mallaka sun cika, sunan da ke ciki nasa ne.

Wa babbar ta Amurka ta dace da shi? Mai gidan gona a bakin kwalta, kusa da babban gari mai makanikai, wanda zai sa a ƙera masa tirelar dabbobi ya riƙa ja. Shi kam zai more ta. Kuma sau da yawa 'yar Kwatano irin wannan ta fi Hilux sa'arta araha wajen saye, abin da ke jan mutane ke nan.

To in ka ƙudura sai ita, ka duba abu uku. Agogon tafiyarta da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka in ka ga 150,000 ka sani 240,000 ce. Na biyu, ka sa makanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya shiga ƙarƙashi da guduma ya bubbuga shasi. A jihohin sanyi na Amurka gishiri ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara, yana cin ƙarfe daga ciki, har a 2016 Toyota ta amince ta duba ta kuma canza shasin wasu Tundra na 2007 da 2008 da Tacoma na 2005 zuwa 2010 saboda tsatsa. Ita Tacoma ɗin ma a yi hattara, tana kama da Hilux a ido amma ba ita ba ce, ba ta kai ta ɗaukar lodi ba, kayansu da yawa kuma ba sa shiga juna. Na uku, yawancin masu arahar nan daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo su. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sansana, ka duba ƙarƙashin kujera ko akwai busasshen taɓo ko tsatsa a kan ƙusoshi. In ka gani, ka mayar da makulli, ko nawa aka rage maka.