Takalminka ya zauna a ƙafarka ko a bakin teku

Idan bikin Sallah ya zo, iyalai daga Agege da Obalende kan ɗunguma zuwa Elegushi ko Tarkwa Bay, haka mutanen Nima kan nufi Labadi a Akra, kuma da an hango yashi sai kowa ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Mu da muke aikin wanke miki a asibiti mun san abin da kan biyo baya. Shi ya sa nake cewa takalmin ya zauna a ƙafa, a kan yashi da cikin ruwa duka, balle ga mai ciwon suga.

Busasshen yashi da tsakar rana zafinsa yakan haura digiri 50, alhali fatar mutum tana fara ƙonewa tun a digiri 44 idan ta daɗe a kai, a digiri 60 kuwa daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Mai lafiya zafin ne zai kore shi zuwa inuwa kafin a yi ɓarna. Mai suga ba lallai ya samu wannan gargaɗin ba, domin kusan rabin masu ciwon, idan shekaru suka ja, jijiyoyin ƙafarsu sukan yi rauni. Akwai wani siririn zaren roba mai danna fata da ƙarfin giram 10 da muke dangwala wa tafin ƙafa don gwaji, kuma da yawa ba sa jin an taɓa su. Irin wannan mutum zai tsaya hira a kan yashi hankali kwance, sai dare ya yi ya tarar tafin ya ɗuri ruwa, ko fasasshiyar kwalba ta yanke shi bai sani ba. Ga shi jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata, miki ba ya saurin kamewa, kuma mafi yawan ƙafafun masu suga da ake yankewa da ɗan ƙaramin miki suka fara.

Wani zai ce ai ƙafar da ta saba da rairayin Arewa ta yi kaushi, yashin Legas ba zai yi mata komai ba. Gaskiya kaushi yana rage jin zafi, amma kaushi da faso tare suke tafiya, faso kuwa ƙofa ce a buɗe. Ko fatar da ba ta tsage ba ma ba ta tsira. Inda karnuka da kyanwoyi ke kashi, ƙwan wata tsutsa yakan ƙyanƙyashe a cikin yashi mai laima, ta huda fata ta shiga, ta riƙa zana jan layi mai karkacewa da ƙaiƙayin da ke hana barci. Man shafawa na kan tebur ba ya kashe ta, sai albendazole ko ivermectin da likita zai rubuta. Akwai kuma jiga, wadda aka sha fama da ita a ƙauyukan Badagry, mai shiga gefen farce ta kumbura da ƙwai.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ake yi cewa ruwan gishiri maganin ciwo ne. Na san inda maganar ta samo asali, don mu ma da ruwan gishiri muke wanke miki. Sai dai namu giram 9 ne na gishiri a lita, an kuma kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki. Na teku giram 35 ne, kuma a gefen babban birni ya haɗu da ƙazantar magudanai. Har ma akwai ƙwayar da ruwan teku mai ɗumi ne gidanta, Vibrio vulnificus. Ba kasafai take kama mutum ba, amma hukumar CDC ta Amurka ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da ta kama yakan mutu, wani cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma masu suga da masu ciwon hanta ta fi yi wa illa. Mai buɗaɗɗen miki ba shi da dalilin tsoma ƙafa a teku.

Masu cewa igiyar ruwa tana tafiya da silifa sun yi gaskiya, don haka a nemi takalmin roba mai maɗaurin dunduniya da kauri a ƙasa. Bayan an fito a ɗauraye ƙafa da ruwa mai tsabta, a tsane tsakanin yatsu, abin da ya kamata mai suga ya riƙa yi ko bayan alwala. Da dare a duba tafin ƙafa a cikin haske, wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi ko wani ya duba masa. Idan wani abu ya soki ƙafa, kada a tone shi da reza, a je asibiti a cire, a kuma faɗa wa ma'aikacin ko allurar tetanus ta ƙarshe ta wuce shekara 5. Ja da ke yaɗuwa, kumburi ko zazzaɓi kuwa, a daren za a tafi, ba sai gari ya waye ba.