Neman Arziki a Ƙasar Waje: Abin da Kakana Ya Gani a Kumasi

'Yan'uwana ɗalibai, da wuya mu zauna hira a ajinmu ba a taɓo zancen fita waje ba. Wannan ya ce Saudiyya, wancan ya ce Turai, kowa gani yake da ya ƙetare iyaka arziki zai tarye shi. Ni ma haka na ɗauka, har ran da yayana ya ce zai tafi Gana nema, kakanmu ya zaunar da mu ya ba mu labarin gidanmu. Daga baya na bi littattafan tarihi, na tarar ba ƙari a cikin zancensa.

Tun zamanin da, fatake Hausawa sukan ɗauki kanwa da fatu da rinannun tufafi su nufi Gwanja, su komo da goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, sai suka bazu zuwa wasu garuruwa, suka kakkafa unguwannin da ake kira zango. A zangon Kumasi uban kakana ya sauka, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma Kano. Ciniki ya karɓe shi, ya yi aure, ya gina gida, ya buɗe kanti. A can aka haifi kakana, har ya zama saurayi bai taɓa ganin Dala ba.

To, ana nan sai farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya, 'yan ƙasa suka fara ƙorafi wai baƙi sun cinye kasuwa. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busiya ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin mako biyu. Mutanenmu kuwa ina suka san wata takarda? Sun shigo tun zamanin Turawa, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Kakana ya ce haihuwarsa a Kumasi ba ta cece shi ba, tun da iyayensa baƙi ne. Gidan da aka yi shekaru ana ginawa, a kwana uku aka sayar da shi a wulaƙance. Suka cunkusu a babbar mota, suka ratsa Togo da Dahome, watau Jamhuriyar Benin ta yanzu, suka iso Nijeriya ana tsakiyar yaƙin basasa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a can ana ce masa baƙo, da ya zo Kano kuma yara suna dariyar Hausarsa.

Amma kada mu yi saurin zagin mutanen Gana. A watan Janairu 1983, da kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita. Jakar nan mai zane-zane da muke zuba kaya in za mu dawo makaranta, daga nan ta sami sunanta. A ganina halin duka biyun ɗaya ne: sa'ad da tukunya ta cika ana marhabin da baƙo, in ta yi ƙasa shi ake fara duba.

Yayana ya ce ai yanzu zamani ya sake. Yana da gaskiya ta wani gefe, gama yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ba biza, ya yi kwana 90. Sai dai wannan izinin ziyara ne, mai son zama sai ya nemi takardar zama dabam. Kakanmu bai hana shi tafiya ba, har ma ya kwatanta masa unguwar da gidansu yake. Ya dai dube shi ya ce, "Kai maigida, na ji kwana 90. Ran na 91 fa, wace takarda za ka nuna?"

Yayana ya riga ya karɓi fasfo, amma har na dawo hutu bai sa ranar tafiya ba.