Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Jirgin Zamiyar Ruwa, da Rawar da Waya Ke Takawa

Duk mai bibiyar YouTube ko TikTok zai iya cin karo da irin bidiyon nan: an janyo wani tsohon ƙaramin jirgin ruwa daga bayan gida, ganye ya cika shi, kujeru sun yage, amma cikin minti goma sai ga shi yana sheƙi yana tsaga ruwa. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne aikin kan ɗauki watanni, kuma wanda ya fara shi ta inda bai dace ba yakan yi asarar kuɗinsa, wani lokacin har ya jefa rai cikin haɗari. Darasin yau zai bi aikin daki-daki, tare da nuna inda wayar hannu ke shigowa.

Wane irin jirgi ne wannan?

Zamiyar ruwa wasa ne da mutum ke ɗaura dogayen alluna a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi ya ja shi a guje a saman ruwa. Wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ne ya fara shi a 1922 a Tafkin Pepin da ke jihar Minnesota ta Amurka. A 1961 kamfanin Correct Craft na jihar Florida ya fito da Ski Nautique, jirgin faiba da aka ƙera musamman domin wasan, sannan aka kafa MasterCraft a jihar Tennessee a 1968. Jiragen waɗannan kamfanoni na shekarun 1970 da 1980 suna cikin waɗanda masu sha'awa ke saya su gyara a yau.

Injin irin wannan jirgi ba a maƙale yake a baya ba kamar na kwale-kwalen fito. A tsakiyar jirgin yake zaune, cikin akwati. Daga giya wata sandar ƙarfe ke ratsa ƙasan jirgin zuwa farfela. Hikimar ita ce nauyi ya tsaya a tsakiya, don igiyar ruwan da jirgin ke bari a bayansa ta zama ƙarama, mai zamiya ya tsallake ta cikin sauƙi ko da ana gudun kilomita 58 a awa, wanda shi ne ƙarshen gudun maza a gasar kewaya alamomi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da injin Ford 351 mai silinda takwas, lita 5.8, wanda kamfanin PCM ya sauya ya dace da ruwa.

Mataki na 1: Bincike kafin a biya kuɗi

A Amurka, tun daga Nuwamba 1972 doka ta wajabta wa kowane sabon jirgi lambar shaida mai haruffa da lambobi 12, wadda ake bugawa a bangon baya ta hannun dama. Matsayinta ɗaya da lambar IMEI a waya. Haruffa uku na farko suna nuna kamfani, misali CTC na nufin Correct Craft, na ƙarshe kuma suna nuna lokacin ƙira. A ɗauki hotonta, a gwada ta da takardun jirgin. Idan ba su dace ba, a haƙura da cinikin.

Daga nan sai a samu ƙaramar kyamarar nan mai doguwar waya da fitila a kai, wadda ake jonawa da wayar hannu ta USB. Da ita ake leƙa ƙarƙashin daɓe da cikin silinda ta ramin fulogi, ba tare da an kwance komai ba.

Mataki na 2: Ƙashin bayan jirgi

Nan ne gaskiyar jirgi take ɓoye. A ƙarƙashin daɓe akwai dogayen katakai da suka miƙe daga gaba zuwa baya, an lulluɓe su da faiba, kuma a kansu aka ɗaure inji. Kamfanin Correct Craft bai daina amfani da katako a wannan wuri ba sai a 1993. Da zarar ruwa ya samu ƙofa ta ramin noti, katakon zai riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje lafiya lau. Soson da aka cusa a tsakaninsu don kada jirgi ya nutse shi ma yakan sha ruwa ya ƙara nauyi sosai.

Gwajin ba shi da wuya. A sa sifana a kan notocin da suka riƙe inji: idan noti yana ta juyawa bai kama ba, katakon ya mutu. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: sauti mai kaifi alamar lafiya ce, sauti mai dushewa alamar ruɓa. Daɓen da ke lotsawa idan an taka shi ma shaida ne.

Gyaran kuwa shi ne mafi wahala a duk aikin. Sai an cire inji da tankin mai, an yanke daɓe, an kwashe jiƙaƙƙen soso, an fitar da katakan ɗaya bayan ɗaya don kada jirgin ya murɗe, a yanka sababbi daidai da tsofaffin, a shafe su da gam ɗin epoksi, a sake lulluɓe su da faiba. Ƙurar faiba tana cutar da huhu da fata, saboda haka dole a sa takunkumi mai matata, tabarau da safar hannu.

Mataki na 3: Inji da sanyayawa

Kafin a kwance waya ko tiyo ɗaya, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa, a buɗe masa babban fayil a Google Photos, a liƙa lamba a kan kowace waya. Bayan wata shida ƙwaƙwalwa za ta manta, hoto ba zai manta ba.

A auna matsin kowace silinda. Bai kamata bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. A duba bakin mai: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A ƙasashe masu sanyi hakan yakan faru idan ruwa ya daskare a cikin inji ya tsaga shi.

Yawancin waɗannan jirage ba su da lagireto. Ruwan tafki suke zuƙowa ta wani famfo mai ƙaramar farfelar roba, ya zagaya inji, ya fita ta salansa. Idan aka tayar da inji a tudu ba tare da an jona masa tiyon ruwa ba, robar tana iya ƙonewa kafin minti ɗaya. A canza ta tun kafin a murɗa makulli. Wani abin lura: da yawa daga tsofaffin jiragen Correct Craft injinsu yana juyawa ne saɓanin na mota, don haka a tabbatar da wannan kafin a sayi kik ko farfela.

Mataki na 4: Mai da wutar lantarki

A mota, tururin fetur yakan sauka ƙasa iska ta kwashe shi. A jirgi ba shi da mafita, sai ya taru a ƙasan akwatin inji domin ya fi iska nauyi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Shi ya sa ba a ɗora kik, altaneta, kafireta ko famfon mai na mota a jirgi, ko da sun shiga daidai kuma sun fi araha. Na jirgi an ƙera su ne yadda tartsatsi da yoyon mai ba za su fita ba. A canza duk tsofaffin tiyon mai, domin fetur mai gaurayen etanol yana cinye roba irin ta da. Fankar da ke zuƙe tururi kuma a bar ta ta yi aiki minti 4 kafin kowace tayar da inji.

Da mitar auna wuta, cikakken batir zai nuna kusan bolt 12.6, idan inji na aiki kuma ya haura zuwa wajen 14.

Mataki na 5: Daidaita sandar farfela

Bayan an mayar da inji, dole bakin giya da bakin sandar su haɗu ƙiris. Ana zura siraran ma'aunai a tsakaninsu ta ɓangare huɗu, kuma bambancin kada ya wuce inci 0.003, wato kaurin gashin kai. Idan aka yi sakaci, jirgi zai riƙa karkarwa, giya ta lalace, sandar ma tana iya karyewa.

Mataki na 6: Kwalliya da gwaji

Sai yanzu ake zuwa abin da kyamara ke so. Launin jirgin faiba ba fenti ba ne, wani kauri ne a jikinsa, kuma sau da yawa gogewa da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai laushi da man goge suna dawo da shi. Kujeru da kafet su ne na ƙarshe.

Ranar gwaji kowa ya sa rigar ceto, a ajiye abin kashe gobara kusa, a tabbatar an toshe ramin tsiyayar da ruwa. A fara a kusa da gaɓa, ana duba yoyo da zafin inji. Manhajar GPS ta waya za ta nuna ainihin gudu, da ita ake saita tsohon agogon jirgin.

Abin riƙewa

Wanda ya fara da kujeru da sheƙi, daga baya ya gano katakon ƙasa ya ruɓe, sai ya farke duk abin da ya kashe wa kuɗi. Tsarin shi ne: takardu, ƙashin baya, inji, tsaro, sannan kwalliya. Haka abin yake ga mai sayen tsohuwar waya ko kwamfuta: ya duba batir da allon ciki kafin sabon murfi ya ɗauke masa hankali.