Babur Ɗina Ya Fara Hayaƙi: In Gyara Ko In Sayar?

Ni ɗan acaɓa ne a Azare, da wannan babur nake ciyar da iyalina. Bajaj Boxer ne, sabo na saye shi, yanzu ya doshi shekara biyu. Kwanan nan ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, baƙin mai kuma sai raguwa yake. Sarƙa ma duk wadda na sa, ba ta jimawa sai ta saki. Bakanike ya ce a sauke inji, abokan aiki sun ce in rabu da shi tun yana da daraja. Ina mafita?

Mai karatu daga Azare

Amsa: Kada ka yi gaggawar sayarwa. Da kuɗin da za a ba ka a kan babur mai hayaƙi ba za ka sayi sabo ba.

Shuɗin hayaƙi alama ce inji yana ƙona baƙin mai, kuma galibi ringin fistin ne ya cinye. Abin da na fi so ka tambayi kanka shi ne: me ya cinye shi tun bai kai ko'ina ba? Ina zargin ƙura. Wanda yake wuni a hanyar da ba kwalta, musamman da hunturu, injinsa yana shaƙar ƙura fiye da yadda yake zato, kuma soson nan mai tace iska ne kaɗai yake tare ta. In ya yage, ko aka cire shi wai don babur ya ƙara gudu (abin da yake ba ni takaici ƙwarai), ƙurar za ta shiga ta gauraya da mai, ta yi ta goge ƙarfe a hankali. Ko an sa sabon ringi, muddin ba a gyara wannan ba, hayaƙin zai dawo.

Saboda haka ka yarda a buɗe, amma ka tsaya a wurin. A duba silinda. In ta yi zane-zane, ringi kaɗai ba zai wadatar ba. Bayan gyara, ka riƙa juye mai kafin ya yi baƙi ƙirin ya tsinke, kuma ka sayi na galan mai hatimi wanda aka yi domin babur. Wani man mota yana sa kuloci ya riƙa zamewa, domin a irin babur ɗinka kulocin a cikin man inji yake.

Batun sarƙa mai sauƙi ne. Sabuwa kake ɗorawa a kan tsofaffin haƙora. In sun yi tsini ko sun lanƙwashe, canza sarƙar tare da haƙoran gaba da na baya a lokaci guda. Kada a ɗaure ta tamau, a bar mata ɗan sassauci kamar faɗin yatsu biyu, a riƙa wanke ta da kananzir ana sa mata mai.